Abin da allurar geji ba ta nuna maka

Jama'a barkanmu da warhaka, yau kan firesha za mu tsaya, wato ƙarfin matsin mai a cikin layi, yadda ake ɗaukar rikodin hawa da saukarta a jikin inji.

Ku dubi gejin nan mai allura, wato ma'aunin firesha. Cikinsa wani lanƙwasasshen bututu ne, in mai ya matsa shi sai ya ɗan miƙe ya ja allurar, dabarar wani Bafaranshe ce mai suna Bourdon tun 1849 kuma har gobe tana aiki. Matsalar kawai gejin yana da jinkiri, balle wanda aka cika da gilisarin don kar allurar ta yi ta rawa, to shi kam ba ya ganin abin da ya zo ya wuce cikin ƙiftawar ido.

Mu ce injin haidurolik ne, wato mai aiki da matsin mai, tiyo ya fashe an canja, ya sake fashewa an sake canjawa, kowa na cewa ai tiyon ne jabu, geji kuma yana nan zaune daram kan bar 180 (bar shi ne awon firesha) lafiya lau. Alhali duk lokacin da bawul ya rufe farat ɗaya, man da ke gudu sai ya rasa hanya ya daki bangon tiyo, firesha ta yi tsalle ta dawo cikin 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Wannan dukan ne yake cin tiyo da sil, wato robar da ke hana yoyo, a hankali, kuma wallahi abin yana damuna ganin ana ta asarar kaya ana zargin abin da ba shi da laifi.

Shi ya sa ake ɗaura sensa. Ga ta nan, ana murɗa ta a bakin gwaji da ke jikin layin mai, ita kuma ta mayar da firesha lantarki, yawanci miliamfiya (awon lantarki) 4 zuwa 20. In sensar ta bar 600 ce, 4 sifili ke nan, 12 bar 300, 20 kuma ƙarshenta. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Don in waya ta tsinke ka ga 0, nan take ka san wayar ce ba injin ba.

Sai na'urar rikodin, kuma nan ne da yawa suke yin kuskure. In ka saita ta tana karantawa sau ɗaya a sakan, tsallen milisakan 5 zai wuce ta tsakiya ba ta sani ba, ka samu layi miƙaƙƙe ka ce komai ƙalau. Sa ta sau 1000 a sakan. Yanzu kalli allon, ga tsinin nan ya fito kamar ƙaya daidai inda bawul ya rufe. Don kar memori ya cika, a ba ta iyaka, sai firesha ta haura wannan lambar sannan ta fara ajiyewa, har da ɗan abin da ya faru kafin nan.

Rubuta zafin man ma, don mai sanyi ya fi kauri, zanensa daban ne da na mai zafi.

Kafin ka kwance komai kuma, kashe inji ka sauke firesha tukuna, kada ka laluba yoyo da hannu don Allah, man haidurolik yana huda fata ya shige tsoka, kwali ake karawa a duba.