Lacca: Yadda Barazil Ta Noma Dajin Cerrado

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu manoma da suka taso tun daga Kura da Bunkure, sannunku da zuwa.

Yau Barazil za mu leƙa. Ƙasa ce mai faɗin gaske, kowane yanki da abin da ya riƙe: Sao Paulo rake da lemo, Minas Gerais gahawa, Rio Grande do Sul a can kudu shinkafa. Amma inda nake so mu daɗe shi ne tsakiyar ƙasar, dajin da suke kira Cerrado, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2. Ciyawa ce da gajerun itatuwa, damina da rani kamar namu. Har shekarun 1960 ba mai yi masa kallon gona, sai dai kiwo. Jar ƙasa ce mai tsami, alminiyom ɗin cikinta yana hana saiwa nutsewa, ga ƙarancin fosfaras.

A 1973 gwamnatinsu ta kafa hukumar binciken noma, Embrapa, ta tura ɗaruruwan matasa karatu waje. Da suka dawo, ƙasar suka fara yi wa magani: suka auna ta, suka yi ta zuba mata garin farar ƙasa da fosfet har tsamin ya kwanta. Sannan suka koma kan iri. Waken suya tsiro ne da tsawon yini ke gaya wa lokacin fure. In ka kawo irin Amurka ƙasa mai zafi, sai ya yi fure tun yana ɗan tsugune, kwanso kaɗan. Suka yi shekaru suna aure tsakanin iri har suka samu wanda ke jira ya girma tukuna. Wata masaniya, Johanna Dobereiner, ta dage kan ƙwayoyin halittar da ake shafa wa irin kafin shuka, su zauna a saiwa suna jawo masa naitirojin daga iska. Ku tumɓuke wake a gonarku ku duba saiwar, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle. Ku fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. Da wannan suka huta da sayen yuriya don waken suya.

Yau Barazil ce kan gaba a duniya wajen noman waken suya, Jihar Mato Grosso kuma ita ce gaba a cikinta. Suna girbe wake a Janairu ko Fabrairu, nan take su bi sawunsa da masara a gona guda.

To, jama'a, mu dawo gida. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kusan tare da kafa Embrapa. Binciken noma a Samaru kuwa tun 1922 ake yin sa. Muna da reshen IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a nan Kano, muna da cibiyar noman tsandauri a Jami'ar Bayero. An fitar da irin wake mai jure ƙuduji, da masara mai nuna da wuri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai gonar jigawa da mai fadama su shiga kasuwa su sayi buhun kamfa iri ɗaya, ba wanda ya taɓa auna musu ƙasa. Malamin gona, wanda a da yake zagaya ƙauyuka a kan babur, a wurare da yawa yau sai labari.

Kada kowa ya fita daga nan ya ce na ce a zuba farar ƙasa a Kadawa. Yawancin gonakinmu yunwar taki suke yi, saboda mun kwashe kara da harawa ba mu mayar musu da komai ba. Kuma hanyar Barazil ta zo da tsada: an sare kusan rabin Cerrado, manyan gonaki masu dubban hekta sun ture ƙananan manoma. Mu kuwa mai hekta ɗaya ko biyu shi ke cika kasuwar Dawanau da hatsi, ba ni goyon bayan duk tsarin da zai raba shi da gonar gado.

Ɗalibai, ku da za ku fita aikin sanin makama a daminar bana, ina roƙon kowannenku ya ɗebo ƙasa daga gonakin ƙauyen da aka tura shi, a auna a ɗakin gwaji, ya koma da kansa ya karanta wa mai gonar sakamakon da Hausa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.