Tambayar da injiniya ya kasa amsawa a muhawarar ƙona shara

Assalamu alaikum. Na bayan nan ku matso gaba, lasifikar ba ta kai wa can.

Na saurari wasanku tun daga farko. Kun ɗauki birnin Addis Ababa na Habasha, kun mai da ajin nan zauren taron jama'a, wani ya zama injiniyan kamfani, wata ta zama matar unguwa, ga kansila, ga wakilin 'yan bola jari. Zaɓin ya yi kyau, domin batun ba ƙage ba ne. A watan Maris na 2017 tsaunin shara ya rufta a jujin Koshe, mutum sama da 100 suka rasu. A 2018 aka buɗe masana'antar Reppie a gefen jujin, wadda aka tsara ta riƙa ƙona tan 1,400 a kullum tana ba da wutar lantarki.

Injiniyanmu ya yi karatu, wannan ba shakka. Ya ce a dokar Tarayyar Turai dole hayaƙi ya kai zafin digiri 850 na daƙiƙa biyu don gubar dayoksin ta lalace, kuma ƙonawa na rage girman shara da kusan kashi 90 cikin ɗari. Duk haka ne. Sai matar unguwa ta miƙe ta ce, "To malam, ranar da matatar hayaƙin ta lalace cikin dare, wa zai gaya mana?" Me ya yi? Ya sake karanto mata digiri 850. Ta maimaita, ya maimaita. Nan ya faɗi, ko da yake kun tafa masa.

Ku lura, tambayarta ta injiniyanci ce tsantsa. Dayoksin na iya sake haɗuwa yayin da hayaƙi ke hucewa, shi ya sa ake sanyaya shi da sauri, a fesa masa garin gawayi na musamman, a tace shi ta buhunan tacewa. Waɗannan kaya suna ƙarewa, suna tsufa, akasari kuma da dala ake sayo su. Ga tokar da matatar ke kamawa, cike take da dalma da sauran ƙarafa masu guba, sai an binne ta a keɓaɓɓen wuri. Ina wurin? Wa zai auna hayaƙin, kamfanin da kansa ko wata hukuma dabam? Za a kafe sakamakon inda jama'a za su gani? Da ya amsa ko ɗaya daga ciki, da ta zauna.

Kansila kuwa, Allah ya ba shi lafiya, ya yi ta alkawarin ayyukan yi. Ya kwaikwayi 'yan siyasa fiye da yadda aka nema.

Wanda ya fi burge ni wakilin 'yan bola jari ne, duk da kun yi masa dariya. Ya ce idan aka ƙona roba da kwali, me za su ci? A nan lissafi yake. Sharar biranen Afirka galibinta ragowar abinci ce, jiƙaƙƙiya, ga ƙasa ga toka. Shawarar da Bankin Duniya ya daɗe da bayarwa ita ce kada a gina irin wannan masana'anta sai sharar na ba da aƙalla megajul 7 a kowane kilo. Roba da takarda su ke ɗaga wannan adadi, kuma su ne abin da ɗan bola jari ke tsincewa. Ashe shi da tanderun abinci ɗaya suke nema. Tanderu kuma ba ya ƙoshi, Suwidin ma har daga ƙasashen waje take shigo da shara don nata kada su mutu.

Akwai wanda kuka manta ba ku ba shi kujera ba. Da a Kano ake taron, manomin bayan gari zai zo, domin sun daɗe suna kwasar sharar birni zuwa gonaki a matsayin taki. Shi ma da haƙƙinsa a jujin.

Aikin mako mai zuwa: za ku yi musanya, injiniya ya koma matar unguwa. Kafin nan kowane rukuni ya ɗebo buhu ɗaya na shara daga ɗakunan kwananku, ku sa safar hannu da takunkumi, ku ware ta, ku auna, ku shanya, ku sake aunawa. Da wannan adadin za a buɗe muhawarar. Akwai mai tambaya?