"Bincike Ya Nuna": Amma Wa Ya Sake Gwadawa?

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Sau nawa kuka ji labari ya fara da "wani sabon bincike ya nuna"? Yau za mu bi sawun irin wannan bincike bayan ƙura ta lafa, a ga wanda ya tsaya da ƙafarsa.

A 2015, masana halayyar ɗan adam kimanin 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia da ke Amurka, suka ɗauko bincike 100 da aka riga aka buga a manyan mujallun fannin, suka sake yin kowanne daga farko. A karon farko, 97 sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka maimaita, kashi 36 cikin ɗari kaɗai suka sake nuna hakan. A fannin likitanci ma haka: a 2012 masana a kamfanin haɗa magunguna na Amgen sun ce cikin fitattun binciken cutar daji 53 da suka sake gwadawa, 6 ne kawai suka tabbata.

Ba lallai ne a ce ƙarya aka yi ba. Sau da yawa mutanen da aka gwada ne ba su da yawa, ko kuma mujallu sun fi son buga sakamako mai ba da mamaki.

Ga misali daga kotu. A 2011 aka nazarci hukunci sama da dubu na alƙalan Isra'ila kan fursunoni masu neman a sake su kafin wa'adinsu ya cika. Aka ga da farkon zama kusan kashi 65 na samun sassauci, amma kafin hutun cin abinci adadin ya faɗi kusan sifili. Labari ya bazu: alƙali mai jin yunwa ba ya tausayi! Sai wasu masana suka lura cewa fursunonin da ba su da lauya, waɗanda da ma ba su cika yin nasara ba, su ake bari a ƙarshen zama. Ashe jerin shari'o'in ma yana da hannu.

Na tattalin arziki ya fi ba ni mamaki. A 2010 masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka ce bashin gwamnati idan ya wuce kashi 90 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, ci gaba na durƙushewa. 'Yan siyasa suka riƙe wannan hujjar tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi lissafinsu na Excel, ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa jimla. Da aka gyara wannan da wasu kurakurai, ci gaban da aka ce ya yi ƙasa da sifili ya koma kashi 2.2.

To, ba kowane bincike ke faɗuwa ba. A White Sands, jihar New Mexico da ke Amurka, an gano sawun ƙafafun mutane a busasshen bakin tsohon tafki. A 2021 aka ce shekarunsu 21,000 zuwa 23,000, wato dubban shekaru kafin lokacin da aka daɗe ana cewa mutum ya isa nahiyar Amurka. Masu shakka suka ce a'a, irin tsiron ruwa aka auna, kuma tsiron ruwa kan sha tsohon kabon, sinadarin da ake auna shekaru da shi, ya sa shekaru su yi yawa. Masu binciken ba su tsaya jayayya ba. Suka koma suka auna ƙurar furen itatuwan tudu da ƙwayoyin yashi, ta hanyoyi biyu daban. A 2023 sakamako ya fito, ya sake nuna waɗannan shekarun.