Kafin Ka Ɗaura Wa Bawul Dirila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bidiyon nan da ke yawo a waya, na makaniken da ya maƙala bawul a bakin dirila yana ta gurza shi a mazauninsa, abin da muke kira girandin, shi ya sa muka sauke wannan tof silinda, wato murfin saman inji inda bawul suke, yau. Daga Agege har Idi-Araba yaran gareji sun fara kwaikwaya, wai aiki ya yi sauri.

Kwancewa kun san ta. A matse sifirin, a zare kota biyun nan, 'yan ƙarafan da ke kulle sifirin a jikin bawul, bawul ya fito. Ku riƙe kotar da kyau, in ta yi tsalle ta faɗa yashin gareji sai dai addu'a. Ga kwali mun huda masa rami 16, kowane bawul da gurbinsa, don ba a musanya musu mazauni.

A kankare gawayin, a mirgina sandar bawul ɗin a kan gilashi. Kun ga kan wannan yana rawa? Fistin ne ya buge shi ranar da tayimin belt ya tsinke. Ba ya miƙuwa, a jefar. Wannan kuma a mayar da shi cikin gaid, bututun da sandar ke hawa da sauka a ciki, a ɗaga kaɗan, a girgiza. In yana ƙwas-ƙwas gefe da gefe, gaid ya cinye, kuma bawul mai lilo ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu. Ko kwana ka yi kana girandin, a banza.

To ga inda ake ɓata aikin. Matso da kyamara, ƙanena. Fuskar bawul da mazauninsa an yanka su ne a karkace, galibi digiri 45, kuma inda suke haɗuwa siririn zobe ne, faɗinsa milimita ɗaya zuwa biyu. Siririn nan da gangan ne: ƙarfin sifirin yana taruwa a ɗan wuri kaɗan, ya datse iska, ya murƙushe gawayi. Ta nan ne kuma bawul ɗin salansa, da zafinsa kan wuce digiri 700, yake sauke mafi yawan zafinsa cikin tof. Ka tuna da haka in ka maƙale a cunkoson Oshodi da rana tsaka.

Dirila gefe ɗaya take juyawa, sai man girandin, man nan mai yashi-yashi da ake gurzawa da shi, ya tona kwari a kewaye. Zoben ya yi faɗi, bakin bawul ya sirance kamar reza, shi kansa ya nutse ciki. Ranar farko mota za ta tashi lafiya, mai ita ya biya yana murna. Daga baya bakin ya ƙone, inji ya fara tsallen filogi ɗaya.

Da hannu ake yi. Ɗan man girandin kaɗan a fuskar, kada ya taɓa sandar. A manna robar bakin sandar girandin a kan bawul, a murza tsakanin tafuka kamar ana burga miyar kuka. A ɗaga, a juya kwata, a sake. Ku saurara... ƙarar ta tashi daga garas-garas ta yi laushi. Tsaya nan. Goge. Wannan zoben mai launin toka, da ya zagaye ba yankewa a tsakiyar fuskar, shi muke nema. In ƙananan ramukan da ke fuskar sun ƙi ɓacewa bayan 'yan mintuna, a kai wa masu injin yanka mazauni. Ni dai a ganina kuɗinsu ya fi sauke tof sau biyu arha.

A wanke man girandin tas, ko ɗigo ya rage zai ci gaid. A sa sabon sil, robar da ke hana mai bin sandar bawul, tsohon ba ya komawa. A haɗa sifirin, a tsiyaya kananzir ta ƙofar iska, a leƙa ta ƙasa. Wannan ya bushe. Wannan yana gumi, a sake murza shi.

Mai zuwa kasuwar kayan mota ta Ladipo sayen sabon bawul ya tafi da tsohon a aljihu, a gwada kauri da tsawo a gabansa. Sabon ma sai an ɗan murza shi. Bayan an ɗaura tof a sake auna gibin bawul da fila geji, siraran ƙarafan auna gibi, don girandin yana rage shi.