ZX81, kwamfutar da ta ari talabijin ɗin gida

Aminu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Malam Bala ya shigo mana da wani baƙin abu a leda, Binta ta rantse kalkuleta ce.

Binta: To Malam, in kwamfuta ce, ina gilashinta?

Malam Bala: Ba ta da shi, 'yata. Sunanta ZX81. Kamfanin Clive Sinclair na Ingila ya fito da ita a watan Maris na 1981. Fam 69.95 in an haɗa maka, fam 49.95 in za ka karɓi kayan a warwatse, ka narka dalma ka haɗa da hannunka.

Aminu: Wannan araha kuwa ba walakin a ciki?

Malam Bala: Akwai mana. Sinclair ya duba abin da ke ɗakin kowane Bature, ya ce ba zai sayar masa da shi sau biyu ba. Talabijin kana da shi, jona ta a nan. Rikoda ta kaset kana da ita, a kaset za ka adana aikinka. Ya kuma rage kayan cikinta: wadda ta riga ta, ZX80 ta 1980, cif 21 ne a cikinta, wato 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ke yi wa kwamfuta aiki. Wannan huɗu kacal.

Binta: Wato in maigida zai kalli labarai, a tashi daga kwamfuta.

Malam Bala: Ko gardama babu! Madannan ma ba maɓallai ba ne, leda ce shimfiɗe, ka danna ba ka san ko ya shiga ba.

Aminu: Ƙwaƙwalwarta fa, Malam?

Malam Bala: Kilobait ɗaya. Haruffa dubu da 'yan kai. Saƙon gaisuwar Juma'a da ƙanwata ke turo mini a WhatsApp ya fi ƙarfinta.

Binta: Haba Malam! Me za a yi da wannan?

Malam Bala: Ai nan ne nake sara wa mutanen. Wani mai rubuta manhaja, David Horne, ya cusa wasan ces, wato darar Turawa, a bait 672, ƙasa da kilobait ɗaya ke nan, kwamfuta tana karawa da mutum. Yara kuma suna kwafar manhajoji da aka rubuta da harshen kwamfuta na BASIC daga mujallu, layi bayan layi, har dare ya raba. A haka aka sayar da sama da miliyan ɗaya da rabi, kamfanin Timex yana ƙera su a garin Dundee na Scotland.

Aminu: Ba a iya ƙara mata ƙwaƙwalwa?

Malam Bala: Ana soka mata wani ɗan akwati mai kilobait 16 ta baya, amma ba ya zama daram. Ka yi awa uku kana rubutu, gwiwarka ta taɓa tebur, komai ya bi ruwa. Sai mutane suka koma manne shi da Blu-Tack, wani abu kamar cingam.

Binta: Yaya Aminu, janye ƙafarka daga teburin nan.

Malam Bala: Bar shi, ba a kunne take ba. Sai mun samo tsohon talabijin mai ramin eriya tukuna.