Me Ya Sa Rubutu Ke Ƙanƙancewa a Sabuwar Kwamfuta?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai da ma'aikata da kuka baro ofisoshinku daga Garki da Wuse, sannunku da zuwa.

Da yawa a cikinku kun je kasuwar Banex ta Abuja kun sayo kwamfuta mai tsada, kun kunna, hoto tangaran, amma rubutu sai an kanne ido. Wani har ya fara zargin idonsa. To, harafin ne ya ragu da gaske, kuma ga dalili.

Fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ce. Shekara da shekaru Windows tana lissafi a kan ɗigo 96 a kowane inci. Yau laftof mai inci 14 da ke ɗauke da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, tana cusa kusan ɗigo 157 a inci guda. Mai 4K kuwa, wato 3840 da 2160, in mai inci 15.6 ce, ta haura ɗigo 280. Ku dubi mai ɗinkin hula: in ya yi zane da adadin ɗinki iri ɗaya amma ya ƙara matse zaren, dole zanen ya tsuke. Haka harafi yake.

Abin da nake roƙonku ku daina shi ne rage yawan ɗigon. Na san masu gyara da dama shi suke yi, domin ya fi sauri. Rubutun zai girma, amma zai yi dishi-dishi, kun biya kuɗin tsabtar hoto kun zubar. Ku bar Resolution, wato yawan ɗigon, inda na'urar ta ba da shawara. Ku shiga Settings, sai System, sai Display, ku nemi Scale, wato ma'aunin girman rubutu da hotuna. Ku gwada 125 ko 150 cikin ɗari. Mai 4K ya kai 200 ba laifi. A nan kwamfuta za ta zana kowane harafi da ɗigo masu yawa, ya girma kuma gefensa ya fita sumul.

Mu Hausawa abin ya fi shafarmu. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, 'yar mitsitsiya ce, ita ce ke fara ɓacewa in rubutu ya ƙanƙance. Malaman da ke karanta Larabci ko ajami a kwamfuta sun fi ni sanin wahalar wasali da ɗigon haruffa in sun cure wuri ɗaya. Ga kuma shekaru: daga wajen arba'in ido kan fara gaza ganin na kusa, kuma yawancin masu sa hannu a takardun ofis sun wuce nan.

In rubutu kaɗai kuke son ƙarawa ba tare da hotuna ba, a Windows 11 ku shiga Accessibility, ku ja Text size, yana kaiwa 225 cikin ɗari. A Chrome ko Firefox kuwa, ku danne Ctrl ku taɓa alamar tarawa. Ctrl da sifiri ya mayar da shafin yadda yake.

Hajiya a baya tana tambaya, ta ƙara Scale amma tsohuwar manhajar lissafin ofishinsu ta yi hazo. Hajiya, wannan manhaja an rubuta ta tun zamanin ɗigo 96, sai Windows ta miƙe ta kamar hoto. Ki danna dama a kan alamarta, ki shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings, ki sa alama a akwatin ƙasa, ki gwada zaɓin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kowane gwaji sai kin rufe manhajar kin sake buɗewa kafin ki ga canji. Wanda ya zo da laftof ɗinsa ya buɗe yanzu, mu bi layi-layi mu gyara tare.