Gudun da Aka Rubuta a Kwali da Wanda Ake Gani a Zafin Sakkwato

Assalamu alaikum. Ku dubi abin nan a tafin hannuna, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ma'adanar NVMe ke nan, wato sabon nau'in SSD, na'urar da kwamfuta ke ajiye fayiloli a ciki. A jikin kwalinta an rubuta megabayit 3,500 a daƙiƙa, alhali tsohuwar SSD mai amfani da tsohuwar mahaɗar SATA iyakarta wajen 550. To, bari mu ɗora ta a sikeli.

Ma'auninmu fio ne, manhajar da Jens Axboe ya rubuta. Kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta. Mai Windows kuma ya nemi CrystalDiskMark.

Kafin komai, don Allah ka nuna wa fio fayil na gwaji. In ka ce ta yi rubutu kai tsaye a kan ma'adanar, duk abin da ka ajiye ya tafi ke nan.

Sai ka sa direct=1 a cikin umarnin fio. In ba haka ba, Linux zai riƙa ɗauko bayanan daga RAM, wato wurin ajiyar wucin gadi mai sauri na kwamfuta, ka ga lamba ta tashi sama kana ta murna, ashe ba ma'adanar ka auna ba.

Awon farko, babban fayil a jere, kamar kwafar bidiyon biki. Nan ne lambar kwali ke fitowa. Amma aikin yau da kullum, buɗe manhaja ko tayar da kwamfuta, tsintar ƙananan gutsattsari ne na kilobayit 4 daga nan da can. Sa iodepth=1, wato buƙata ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda lambar za ta zube. Ni wannan awon na fi yarda da shi.

Kada kuma ka tsaya a daƙiƙa goma. Yawancin waɗannan na'urori suna da wani ɗan sashe mai saurin karɓar rubutu, da ya cika sai gudu ya ragu. Ga kuma zafi. A watan Afrilu a nan Sakkwato rana kan haura digiri 40, ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya. Ma'adanar kan rage gudu da kanta idan ta yi zafi sosai, don kada ta lalace. Saboda haka buɗe smartctl, manhajar duba lafiyar ma'adana, a gefe kana kallon zafinta, ka bar fio ta yi minti goma. Gwada da asuba, ka sake bayan azahar. Bari in kunna nawa yanzu, ku zuba ido a layin ƙasa na sakamakon fio.